Aljanin da Ya Yi Wa Mahaifiyata Noma

Shekarun baya, ban daɗe da gama jami'a ba, wani abu ya faru a ƙauyenmu da ke gefen Ɗambatta. An daɗe, don haka mai yiwuwa wasu abubuwan sun cakuɗe min. Abin da nake iya tunawa ne kawai zan faɗa.

Ina da aboki da muka zauna ɗaki ɗaya a Rijiyar Zaki lokacin karatu. Shi bai gama ba. Ya fara da ɗaukar bidiyon biki da kyamarar aro, daga nan ya yi finafinan soyayya waɗanda, in ban yi kuskure ba, ko shi kansa bai kalle su har ƙarshe ba. Sai da ya koma finafinan aljanu sannan aka san shi. Salonsa shi ne ba ya nuna maka aljani gaba ɗaya. Ƙafa za ka gani, ko inuwa, ko farin ƙyalle ya gifta bayan mutum da rana tsaka. Yakan ce abin da mai kallo ya ƙarasa da zuciyarsa ya fi tsorata shi.

Da rani ya kira ni yana neman tsohuwar tsamiya mai kogo. Na ce akwai ɗaya a tsakiyar gonar mahaifiyata, amma ban yi alkawari ba. Na tambayi mai gari, na tambayi liman, na sake komawa wajen liman don ban tabbata ya fahimce ni ba. Mahaifiyata kuwa dariya ta yi. Ta ce, "Tun ina amarya nake tsintar tsamiya a gindinta, ban taɓa ganin komai ba sai ƙadangaru. Su zo."

Suka zo suka yi aikinsu suka tafi. Sai dai a lokacin yawancin mazan ƙauyen sun tafi ci-rani, ba su ga yadda aka ɗauka ba. A can birni suka ga fim ɗin a wayoyinsu, suka ga farin abu yana zurowa daga kogon wata tsamiya, kuma suka gane tsamiyar. Kafin su dawo gida da faɗuwar damina, magana ta riga ta zauna cewa 'yan fim ba su zo da aljani ba, a nan suka tarar da shi, kyamara ce kawai ta kama shi.

Tun rasuwar mahaifina, gayya mahaifiyata take kira idan noman farko ya zo, ta dafa abinci maza su taru su nome mata gonar. Geron nan shi ne abincin gidanmu na shekara. A shekarar ta kira, ta yi tuwo, ta dama fura. Dattawa kaɗan ne suka zo, su ma gefe-gefe suka nome suka tafi. Ba wanda ya ce yana tsoro. Wannan ciwon baya, wancan suna ake yi a gidan surukansa. Ciyawa kuma ta fara rufe gero.

Na je majalisa na yi dogon bayani kan yadda ake haɗa hoto a kwamfuta. Wani baffana ya saurara har na gama, ya ce, "Malam, mun ji. To jeka ka zauna a gindinta da azahar mana." Na je na zauna. Ban ga komai ba, amma addu'o'in da na karanta a wurin sun fi na jarrabawar ƙarshe yawa, kuma ina jin an lura da saurin da na dawo.

Na kira abokina ina ta kewaye-kewaye. Ya katse ni ya ce, "Geron Inna ne zai lalace?" Na ce kusan haka. Ya ce in faɗa mata ta sake dama fura.

Da hantsi suka iso cikin bas, shi da ma'aikatansa da dogon siririn mutumin da ya fito a aljani, sanye da farin ƙyallen nan. Mahaifiyata ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kai ne? Allah sarki, ba sa ba ka abinci ne?" Ya durƙusa ya ce, "Inna, darakta ne ya hana, wai aljani ba ya ƙiba."

Aka ba shi fartanya ya nufi gindin tsamiya. Mutane suka taru a bakin gona suna kallo daga nesa. Ya fara sara, yana barin ciyawa yana tuge gero. Baffana ya daure na ɗan lokaci, sannan ya ɗaga murya: "Kai aljani, gero ne kake sarewa."

"Baba, a garinmu ba ma noma."

"Ai ga alama. Kawo nan kafin ka jawo wa baiwar Allah yunwa."

Baffana ya tsallaka kunyoyin gonar har gindin tsamiya ya karɓe fartanyar. Sauran suka biyo shi, kowa yana tsokanar aljani. Kafin la'asar an gama gonar, kuma a inuwar tsamiyar aka sha furar.

Har yau ban sani ba ko da gangan mutumin ya riƙa tuge geron. Na tambayi abokina, ya ce shi dai ya san manomi zai iya haƙura da aljani, amma ba zai iya tsayawa yana kallon ana ɓata shuka ba. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Ya yi finafinai da yawa bayan wannan, wasu ni kaina ba na kallonsu ni kaɗai. Na ji an ce yanzu duk ƙauyen da zai yi aiki a cikinsa, sai ya fara zagawa da mai fitowa a aljani an gaisa da mutanen gari. Ni kuwa idan na tuna, daɗi nake ji. Na yi ta bayani ba wanda ya motsa, shi da ya san yadda tsoro yake shiga mutum ya san ta inda yake fita. Geron ya yi kyau a shekarar, sai ɗan wurin da aljani ya nome.

Waɗanda suka halarci gayyar nan, idan na yi kuskure a wani wuri, don Allah ku gyara min. Baffana dai ya riga ya aiko da nasa gyaran: wai shi bai taɓa jin tsoro ba, bayansa ne ya warke a ranar.