Hitar Wankan Jego a Gidan Surukata

Ko me zan manta a aikin famfo, ban da yammacin da na faɗa banɗakin surukata ba sallama. Na san wasunku sun ji ƙishin-ƙishin labarin a bakin magulmata, an ƙara masa gishiri. Gara ku ji shi daga bakina, musamman ku sababbin ɗauka da za a fara turawa gidajen mutane.

Lokacin ban daɗe da zama shugaban sashen famfo a kamfaninmu ba, hitar gas kuma ta fara shigowa Daura. Ga wanda bai san ta ba, wani akwati ne na ƙarfe da ake ratayewa a bango, ba ta da tankin ajiye ruwa. Tiyo ɗaya na kawo mata gas daga tukunya, bututu na kawo ruwa daga tankin sama. Da ka buɗe famfo sai wuta ta kama a cikinta, ruwan ya ratsa ta kan wutar ya fito da zafi nan take. Da ka rufe, wutar ta mutu. Ba ruwanta da wutar lantarki, batir biyu ke kunna ta. Sharaɗinta guda ne, kuma ba wasa a cikinsa: tana bukatar iska. Idan ta ci wuta a rufaffen wuri, tana fitar da wata guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Mutum zai fara da ciwon kai da jiri, daga nan barci ya ɗauke shi, wani ba ya tashi.

Bayan babbar sallah ta shekarar, Rabi ƙanwar matata ta haihu, haihuwar fari, aka kawo ta wankan gida wajen mahaifiyarsu, wadda muke kira Inna. Mijinta Sabi'u dillalin awaki ne a Baure, mutum mai son sabon abu. A al'ada shi ke da nauyin itacen wanka, safe da yamma har arba'in. Sai ya same ni a wurin aiki ya ce, "Yaya Hamisu, itace ya yi tsada, Inna kuma ta tsufa da hayaƙi da ɗaukar garwa. Ka sa musu abin nan naku mai gas." Na shaida wa manajanmu, ya ce in je in yi da kaina tunda gidan surukai ne, kada a tura wanda zai kunyata mu. Har yau in na tuna wannan magana tasa sai na yi dariyar takaici.

Ku fahimci yadda nake da Inna. Tun da na auri 'yarta ban taɓa haɗa ido da ita ba. In na je gaisuwa, a bakin ƙofa nake cire takalmi in durƙusa, ita tana bayan labule. Ban taɓa shan ko ruwa a gabanta ba. In na hango ta a hanyar Kusugu, sai in canza lungu. Ita ma ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai Malam.

Banɗakin gidan irin na dā ne, a ƙuryar tsakar gida. Rabinsa an rufe da kwano, rabin kuma sarari ne, kana wanka kana ganin sama. Na rataye hitar a ƙarƙashin kwanon, na bar tukunyar gas a waje, na shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa don in ga ko akwai yoyo, babu. Wuri a buɗe, iska na shiga tana fita, aiki ya yi daidai da ƙa'ida. Sai na ja Sabi'u zaure na yi masa bayani tiryan-tiryan, har da cewa kada a kuskura a rufe sararin nan. Ya ce ya gane sarai. Da la'asar ya hau babur ya koma Baure, ya tafi da bayanin gaba ɗaya a cikin kansa.

Bayan suna da 'yan kwanaki, na dawo gida cin abincin rana a makare. Matata tana zuba mini tana ba ni labarin gidansu. Ta ce Rabi ba ta jin daɗin jegon nan, duk ta fito wanka sai ciwon kai da amai, ita ma Inna jiri take ji, har an karɓo musu rubutu.

Na ce, "To ko zafin ruwan ne ya yi yawa?"

Ta ce, "Wane yawa? Ai Inna cewa take ruwan hitarka bai kai na itace ba. Sai ta ƙure ta, ta bar ta tana zuba har babban baho ya cika, sannan ta sa darbejiya. Kuma ta ce iska na shigar mai jego, shi ya sa ta sa aka ja tamfol a saman banɗakin. Yau ma na baro ta tana cusa tsummoki a ƙarƙashin ƙofa."

Lomar da ke hannuna ban san inda ta faɗi ba. Na tambaye ta yaushe suke wankan yamma, ta ce ai yanzu ma suna ciki. Na kira wayar Inna, tana ta ƙara ba a ɗauka. Na ce wa matata ta biyo ni, na fita ko hula babu.

Ban tsaya a zaure ba. Na ratsa tsakar gidan da takalmina, na murɗe kan tukunyar gas, na buga ƙofar banɗakin ina kiran Rabi. Shiru, sai ƙarar ruwa yana ambaliya daga baho. A ɗaki kuma jaririn yana ta tsala kuka. Na sake bugawa, wannan karon na ɗaga murya na kira Inna, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Shiru. Zan gaya muku gaskiya, na ɗan tsaya. Hannuna yana kan ƙofar, zuciyata na cewa ka jira matarka ta iso, wannan ba wurin shigarka ba ne. Allah Ya taimake ni ban saurare ta ba. Na fizge tamfol ɗin daga sama, na sa kafaɗa na ɓalle sakatar.

Rabi na kwance a gefen baho. Na kawar da kai, na jawo zanin da ke rataye na jefa mata. Inna kuwa tana zaune ta jingina da bango, ganyen darbejiya a hannunta, ɗaurin ƙirji ne kawai a jikinta, kanta ba ɗankwali, furfura fara fat. Idonta a buɗe amma ba ta iya motsi. Ranar ce na fara ganin fuskar surukata sosai, kuma a haka na gan ta.

Ƙarar ɓalle ƙofar ta jawo matan maƙwabta. Ta farkon da ta shigo ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Namiji a banɗakin mai jego? Kai Hamisu, lafiyarka kuwa?" Na ce su ɗauko Rabi su fito da ita sarari, kada kowa ya daɗe a ciki. Ni kuma na sunkuya na ciccibi Inna kamar ƙaramar yarinya, na fito da ita tsakiyar mata na kwantar a tabarma. Ina jin wata tana cewa a rufa wa tsohuwa kai mana, ga surukinta tsaye. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, amma ba damar gudu, sai da na samo motar maƙwabci muka kai su asibiti.

An sa musu robar iska a hanci, aka kwantar da su. Likitan ya ce da an ƙara jinkiri kaɗan, da wani zancen ake yi. Kafin a sallamo su na je na cire hitar, na mayar da ita bayan bangon banɗakin ta waje, na yi mata 'yar rumfa, bututun ruwan zafi kaɗai ya ratsa ciki. Na gyara sakatar da na ɓalle. Daga nan ban ƙara taka ƙofar gidan ba.

Mutane sun yi ta yi mini sannu da ƙoƙari, ni kuwa ba abin da nake ji sai kunya. A majalisa an samu abin tsokana, ana ce mini ungozoma. Manaja ya kira ni ofis ya ce, "Hamisu, aikinka ba aibu, na aika an duba. Amma wa ka koya wa amfani da ita?" Na ce Sabi'u. Ya ce, "Sabi'u ne ke wankan jegon?"

Aka yi arba'in, Rabi ta koma Baure da ɗanta, ban je ba. Azumi ya zo, na aika da kayan shan ruwa ta hannun matata. Sai da sallah ta wuce Inna ta aiko cewa tana nemana, kuma in ban zo ba ita za ta zo. Na je kamar wanda za a yanke wa hukunci, na cire takalmi na durƙusa a inda na saba. Sai na ga labule ya ɗaga. Ta fito ta zauna a kujera 'yar tsugunno, dab da ni.

Ta ce, "Malam, ɗago kanka. Wanda ya ga furfurata, me kuma ya rage da zan ɓoye masa?"

Na ce, "Inna, a yafe mini."

Ta ce, "A yafe maka me? Ranar da ka sa abin nan, ina bayan ƙofar zaure ina jin muryarka kana yi wa Sabi'u bayani. Na ji ka ambaci iska, ban ji sauran ba. Na so in leƙo in tambaye ka, kunyarka ta hana ni. Kai ma na san ita ta hana ka. To ga shi ta kusa kashe mini 'ya. Tashi mu je ka nuna mini, daga farko."

Na tashi na nuna mata. Yadda ake buɗe tukunya da rufe ta, yadda ake rage zafi, launin wutar lafiya da na wadda ta lalace, da dalilin da ya sa ba a toshe mata iska. Ta yi tambayoyin da Sabi'u bai yi ko ɗaya ba. Gaba ɗaya bai fi tsawon shan kofin shayi ba.

Shi ya sa kuke ganin ina takura muku da tambayar nan in kun dawo daga aiki. A garin nan mai gida ne ke biya, shi ke tsayawa da ku a zaure, amma ba shi ke buɗe famfo ba. Ku nemi izini a kira wadda za ta yi amfani da abin, ko ta bayan labule ne, ku yi mata bayani har ta maimaita muku da bakinta. Za ku ji nauyi, na sani. Ni ma nauyin na ji, na guje wa 'yar magana da surukata ta bayan labule, na ƙare da ɗaukar ta a hannu kanta ba ɗankwali a gaban matan unguwa.