Ba Mai Canis Ba Ne Sunanshi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau da safe ina cikin buɗe shago a Babbar Kasuwa, na duba waya, sai na ga wani abokin cinikina ya sa a sitatus: "Allah ya ji ƙan Mai Canis."

Haka labarin ya same ni. Abokina ya rasu da asuba, kuma ko a sanarwar mutuwarshi ba a kira sunanshi ba.

Na zauna kan benci da makulli a hannu, na rasa mi zan yi.

Ku da kuka san ni kun san ban saba da wannan ba. Da baro na fara a kasuwar nan, ina tura buhunan gero, kuma ba wanda ya saya mani baron. Na yi tallan kaset. Na yi cajin waya ƙarƙashin lema. Na buɗe gidan kallon ƙwallo a Ƙofar Kwaya da tsohuwar janareta wadda na gyara da hannuna. Na gina gida. Na kai mahaifiyata Makka kafin in kai kaina. Sakandare kawai na yi, ita ma da ƙyar, amma ban taɓa tsayawa ƙofar wani ina sosa ƙeya ba. Kullum cewa nake, in ka ga abu ya gagara, ba a matsa mashi ba ne.

Yau na ga abin da matsi ba ya yi mashi komai. Na kasa riƙe mutumin, ga shi kuma ina neman in kasa riƙe mashi sunanshi.

Zan faɗi sunan. Amma ku bari in gaya maku dalilin da ya sa kuka san murya ba ku san mai ita ba.

Ga wanda bai gane wa nake nufi ba: in ka taɓa kallon fim ɗin Japan ko na Koriya da fassarar Hausa a wayarka, ka ji wata murya mai sanyi, ba ihu, ba shirme, Katsinanci tsantsa, to shi ne.

A gidan kallona muka haɗu. Ranakun da ba ƙwallo, faifan faɗa nake sa wa mutane, irin wanda muke ce ma Canis. A wurinmu ai duk wanda ya fito daga can wajen ƙasar China da maƙwabtanta Canis ne. Wata rana bayan la'asar na sa wani faifai da na sayo cikin tari ban duba ba. Aka yi ta jiran duka, ba duka. Wani tsoho ne mai fiton kwalekwale, da ɗanshi da ya dawo daga birni, suna zaune suna cin shinkafa, ba mai kallon wani. Jama'a suka yi tsaki suka watse. Na miƙe zan kashe, sai na ji murya daga bencin baya.

"Malam Kabiru, don Allah bar shi ya ƙare."

Na ce, "Malam, wannan Canis ɗin ai lalatacce ne. Ko mari ba a yi ba."

"Ba Canis ba ne. Japan ne."

"To mi ya raba su?"

Ya ce, "Kai in aka kira ka Bakano, amsawa kake?"

Na yi dariya har na koma na zauna.

Ya matso kusa da ni, yana karanta Turancin da ke gudu a ƙasan hoto yana juya mani shi da Hausa. Ni Turancina na kasuwa ne, kafin in haɗa kalma uku rubutun ya wuce. A ƙarshe ɗan zai koma birni. Bai ce ma uban komai ba, sai ya duƙa ya juya mashi takalmanshi suka fuskanci ƙofa, don in tsohon ya fito ya zura ƙafa kawai.

Malam ya ce, "Ka gani? Gafara ya nema ke nan."

Na ce mashi hayaƙin janareta ne ya shiga mani ido. Har ya koma ga Allah bai taɓa tuna mani da wannan ba.

Ni na kawo shawarar makirufo, ya riƙa fassara ma 'yan kallo. Ya yarda, amma da sharaɗi: a kafa mashi katako a baya ya zauna inda ba a ganinshi, kuma kada a taɓa kiran sunanshi.

Malamin Turanci ne a makarantar firamare, amma gidansu a Ƙofar Durbi gidan karatu ne. Mahaifinshi a zaure yake ba da karatun littattafai, manyan mutane na zuwa su durƙusa su ɗauka. Ya ce mani, "Ban ɗauki abin nan saɓo ba, ina tace abin da zan fassara. Amma ba zan so a ce ɗan Malam ne ke magana a gidan kallo ba." 'Yan unguwa da yawa sun gane muryar, amma suka yi mashi kara.

Daga baya na sayi kwamfuta, muka riƙa ɗaukar muryar muna ɗora ta kan fim. Daga memori zuwa memori ta yi Daura, ta yi Funtuwa, har direbobin Maraɗi na zuwa nema. Da yake ba suna a kai, sai mutane suka laƙa mashi nasu.

Mai Canis.

Kalmar da ya ƙare rayuwarshi yana gyara ma mutane, ita ta zama sunanshi. In ya ji sai ya yi murmushi ya ce, "Ni dai ba komai. Amma bayin Allah nan kowa da ƙasarshi."

Shi ya koya mani kallo. Da ni in ba a fasa gilashi ba, ba a yi fim ba.

Yakan ce, "Alhaji, duba hannunta. Da hannu biyu ta miƙa ma surukarta. Duba, sun tuɓe takalmi, sun zauna ƙasa. Ba ta kira wanta da sunanshi ba, yaya ta ce. Mutanen nan da a Katsina aka haife su ba wanda zai ce baƙi ne."

Na tambaye shi yadda yake bambance su tun ba a yi magana ba. Ya ce, "Mutumin Japan in ranshi ya ɓaci, gyara zama yake. Na Koriya kife tebur yake, sannan ya zauna ya yi kuka tare da wanda ya zaga."

Abin da ya bambanta shi da sauran masu fassara kuwa shiru ne. Wasu in 'yan fim suka yi shiru sai su cika wurin da barkwanci, su sa masu maganar da ba su yi ba. Shi in suka yi shiru, shiru yake. Akwai ranar da shirun ya yi tsawo har Iro mai faci, wanda bakinshi ba ya hutawa, ya ɗaga murya daga bencin gaba.

"Malam, lasifika ce ta mutu ko kai ne ka yi barci?"

Daga bayan katako aka ce, "Lafiyarta lau. Su ma ba su ce komai ba. Kai ma gwada."

Gida ya fashe da dariya. Iro ya gwada kuwa. Ranar shi ya fi kowa jan hanci.

Ya taɓa gaya mani in ɗan Koriya ya ce maka ka ci abinci, ba cikinka yake tambaya ba, kai yake tambaya. Lokacin da mahaifiyata ta rasu, kowa ya zo ya yi mani wa'azi ya tafi. Shi ya zo ya zauna gefena har rana ta yi sanyi. Da zai tashi ya ce, "Ka ci abinci?" Iyakar ta'aziyyarshi ke nan, kuma ita kaɗai nake tunawa.

Bai taɓa gyara mani Turanci gaban mutane ba. In ya ga rubutu ya wuce ni, sai ya tsayar da fim ya ce shi ne bai gani da kyau ba.

Sai ciwo ya zo, kuma a maƙogwaro ya zo. Duk faɗin jikin mutum, a nan ya sauka.

Na kai shi asibiti nan Katsina, na kai shi Kano. Na ce ma likita ya faɗi ko mi ake buƙata, ni zan kawo. Likitan ya dube ni da tausayi ya ce, "Alhaji, ba a nan matsalar take ba." Ban taɓa jin magana ta yi mani nauyi haka ba. Mota na gare ni, shaguna na gare ni, ina kallo muryar tana tafiya kaɗan-kaɗan har ta koma raɗa.

Ganinmu na ƙarshe a ɗakinshi ne, da hantsi. Na jingina waya da filo, na sa mana wani fim ɗin Japan da bai taɓa fassarawa ba. Ba mai juya mani magana. Wata mata ce ke wanke kwanon shayin mijinta kullum, alhali ba mai sha da shi. In wuri ya zo sai Malam ya taɓa mani gwiwa da yatsa, in gyaɗa kai. Wallahi na gane. Rabin Turancin ya wuce ni, amma na gane.

Da ya ƙare na ce, "Malam, bari in sa sunanka kan ayyukan nan. Mahaifinku ya daɗe da rasuwa. Mutane su san wa ya yi masu."

Ya nuna wajen zaure, inda wanshi Malam Sada ya gaji mahaifinsu a wurin ba da karatun. Na kai kunne bakinshi.

"Sunan ba nawa ba ne ni kaɗai. In Yaya ya yarda."

Na je zauren. Na tarar da Malam Sada cikin ɗalibai, na tuɓe takalmi, na gaishe shi, ya tambayi iyali da kasuwa, na tambayi karatu. Ni da nake ciniki da dilolin Legas ba na ƙifta ido, bakina ya ƙi buɗuwa. Na sake komawa wata rana, haka na sake fitowa. Ina ganin akwai lokaci.

Yau bayan mun dawo daga maƙabarta, na jira mutane suka ragu a wurin zaman makoki, na matsa na durƙusa gabanshi.

"Malam, ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'aiki, Alhaji. Ya namu gaba ɗaya? An gaya mani irin ɗawainiyar da ka yi. Allah ya saka."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, roƙo na zo yi, kuma ban iya roƙo ba." Na nuna mashi wayar. Na ce ga abin da ake kiran ƙanenshi da shi, gari ya ɗauka. Na gaya mashi abin da marigayi ya ce mani.

Ya daɗe yana kallon wayar. Idanunshi suka kawo ruwa.

Ya ce, "Ni ban taɓa sauraren ko ɗaya ba. Da gaske ya iya?"

"Malam, babu kamarshi. Bai taɓa sa ma wani maganar da bai faɗa ba."

Ya gyaɗa kai, ya share fuska da gefen rawani. Sannan ya ce, "Sunanshi na yanka nashi ne, ka rubuta. Na Baba kuwa ka bar mana shi a zaure. Ka yi mani wannan alfarmar."

Mi zan ce? Mutum ya binne ƙanenshi yanzu-yanzu. Kuma ba da faɗa ya faɗa ba, roƙona ya yi. Na ce na gode, na tashi.

To ga abin da aka ba ni, rabin suna.

Mannir.

Malam Mannir. Na san akwai Mannir a kowane lungu na garin nan. Na san nan da 'yan shekaru wani zai ce wane Mannir ɗin, kuma ba ni da abin da zan ƙara mashi. Tun azahar nake bin fostin ɗin mutane ɗaya bayan ɗaya ina rubutawa a ƙasa, in na gyara nan sai wasu su ɓullo can. Wani ma ya ba ni amsa, "Alhaji ai duk ɗaya ne." Fina-finan da suka riga suka bazu cikin wayoyi kuwa, ba ni da hannun da zai kai gare su. Na yi tunanin duk wata dabara da na sani, ba ko ɗaya.

Saura ku.

Duk wanda ya sa Mai Canis a shafinshi yau, ya koma ya goge. Ya rubuta Malam Mannir, mai fassarar fina-finan Japan da Koriya. Masu tura fim a kasuwa, ku da kuka ci abinci da muryarshi, ku buɗe kwamfutocinku ku canza sunan fayil ɗin. In wani ya zo ya ce a tura mashi na Mai Canis, ku ce ba ku san shi ba, na Malam Mannir gare ku. Ba shawara nake ba ku ba. Ku rubuta shi, kuma duk wanda ya tambaya ku ce Alhaji Kabiru na Ƙofar Kwaya ne ya ce.

Allah ya ji ƙanka, Malam Mannir. Allah ya sa ciwon nan ya zama kaffara, ya yalwata maka kabarinka, ya haɗa ka da mahaifinka a inda ba sauran ɓoyo. Allah ya ba Malam Sada da iyalinka haƙuri, ni ma ya ba ni, don ban san inda zan samo shi ba.

Don Allah duk wanda ya karanta har nan, ya tsaya ya yi mashi addu'a. Allah ya san wanda kuke nufi ko ba ku faɗa ba. Amma ku faɗa. Ku ce Mannir.