Kawu Mai Fenti, Na Yi Maka Ƙarya

Daga Allah muke, kuma can muka nufa. Ranar Laraba, 12 ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda duk filin jirgin sama ke kira Mai Fenti. Ciwon huhu ne ya zama ajalinsa, bayan wata biyu a asibiti.

Kawu, shekara talatin da ɗaya ka yi a kan tsani a rumfar jirage. Kai kake zana farar balbelar kamfaninku a kan shuɗiyar wutsiyar kowane jirgi. Lokacin da ka kama aiki, jirgi talatin da huɗu gare ku, kuma duk faɗin nahiyar nan babu kamfanin da ya kama ƙafarku. Abokan aikinka sun ce kullum sai ka shigo da gwangwanin madara ka rarraba musu saboda warin fenti, kai kuwa sau da yawa ba ka sha. Allon makarantar unguwarmu ma kai kake sabunta shi duk hutu, ba wanda ya sa ka.

Da kamfanin ya fara sayar da jiragensa, kai ɗin dai aka riƙa kira. Mai saye ba ya karɓar jirgi da tambarin wani, sai an shafe shi fari fat. Hannun da ya zana balbela shi ya riƙa binne ta, ɗaya bayan ɗaya. Amma jiragen ba su taɓa ɓace maka ba. In jirgin wani babban kamfani ya sauka da sababbin launuka, sai ka nuna shi da leɓe ka ce, "Wancan namu ne, dubi lotsawar da ke gefen ƙofar kaya. Ya yi aure ne kawai."

Ni kuwa da ka riƙe tun rasuwar mahaifiyata, Allah Ya kai ni ofishin da ke jera kamfanonin jiragen nahiyar duk shekara: wane ya fi yawan jirage, wane ya fi fasinja, wane ya fi zuwa garuruwa. Tun daga nan na shiga uku da kai. Jerin bai gama bushewa ba za ka bugo waya: "Dogo, mu na nawa bana?" Na ce na huɗu, ka ce alƙalamina ne ya karkace. Na ce na tara, na ce na goma sha bakwai, kai dai amsarka ɗaya: "Komai ramar giwa ta fi kwando goma." Ko bayan ka yi ritaya ba ka daina cewa "mu" ba. Wani lokaci har haushi kake ba ni, wallahi, in ce a raina tsohon nan ba zai bar gawa ta huta ba.

Bana kamfanin ya sayar da jirginsa na ƙarshe. Ƙa'idar aikinmu ita ce wanda ba shi da jirgi ba ya shiga jeri. Ni na goge sunan da hannuna, na danna maɓalli ɗaya, layin da ke ƙasa ya hau ya cike gurbin kamar ba a taɓa yin kowa a wurin ba.

Sati guda kafin rasuwarka na same ka a gadon da ke kusa da taga, an sa maka robar iska a hanci, faratanka har lokacin da sauran fenti a gefensu. Ka yafuto ni, na sunkuya. Ka ce, "Mu na nawa bana?"

Na ce, "Na ashirin da shida, Kawu."

Ka daɗe kana kallona. Sannan ka ce, "To, madalla. Ashe muna nan." Ka juya fuskarka bango. Na fita ina ganin na kyauta maka.

Ranar da muka dawo daga maƙabarta, Inna, matarka, ta kira ni ɗakinta. Na gaya mata abin da na yi, ina neman ta ce mini ban yi laifi ba. Sai ta riƙe baki. Ta ce wata huɗu da suka wuce an aiko daga rumfa, babu sauran mai fenti a kamfanin, ana roƙon ka zo ka shafe jirgin ƙarshe. Ta hana ka saboda tarin da kake yi, ka ce ba baƙon hannun da zai rufe balbelar. Kwana uku ka yi a kan tsani, daga nan ne numfashinka bai sake daidaita ba. Ta ce, "Ya ja mini kunne kada in gaya maka. Ya ce Dogo ne zai cire sunan, kada a ƙara masa nauyi."

Ashe ka sani, Kawu. To me ya sa ka tambaye ni? So kake in faɗa maka gaskiya mu yi kukanmu tare, ko so kake ka ji lambar ko da ta ƙarya ce? Kullum na zauna a gaban jerin nan sai kallon da ka yi mini ya dawo, in rasa fassararsa. Ina jin kunya, ina kuma jin tsoro, domin tun da nake ban taɓa yi maka ƙarya ba sai a maganarmu ta ƙarshe, kuma babu sauran hanyar gyara ta.

Ya Allah Ka ji ƙan bawanKa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa jinyar da ya sha ta zama kaffara. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, da 'ya'yansa biyar, da tsofaffin abokan aikinsa na rumfa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa. Duk wanda ya karanta wannan, ya yi wa Kawu addu'a, ni kuma ya roƙa mini gafara.