Dattijon da ke kwance ƙarƙashin akori-kura

A Kalgo an ce a bara dattijon nan ya kwaso fasinjoji mata daga kasuwar Gwandu, buhun geron Inna Mubaraka ya tsiyaye ta hujin da tsatsa ta ci a bodin akori-kurarsa, kajin ƙauyen Wurogauri suka yi walima. Ya ce shi buhu ya ɗauko, buhu ya kawo. Ta kifa masa buhun a ka. Tun ranar mata suka daina ba shi kaya.

Ga shi yau a rumfar mai walda, siriri kamar karan dawa, hular ta fi motar tsufa. An kankare tsatsar, an liƙa sabon farantin ƙarfe, amma bai yarda ba. Ya watsa mudun gero a bodin, ya kwanta a ƙarƙashi, baki buɗe, yana jiran ƙwaya ɗaya ta faɗo. Da gani mafarkin Inna Mubaraka yake yi har yanzu.

Mai walda ya leƙo. "Baba, injin ne ya mutu, shi ya kamata ka gyara."

Dattijon bai ko motsa ba. "Inji in ya mutu, matan ke tura min. Gero in ya zube, kai za ka tsince?"