Ɗakin Yaya Sale da ya ƙi sayuwa

Da azumin bana Yaya Sale ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Shi ne babban wana, shi ya riƙe mu bayan mahaifinmu. Na so in rubuta irin rashin da muka yi, amma duk lokacin da na ɗauki biro sai labarin ɗakinsa ya rigaye ni, in kama murmushi.

Ɗakin na ƙarfe ne, mai tayoyi, irin wanda ma'aikatan titi ke kwana a ciki. Da suka gama aiki a yankinmu na Kunci suka bar shi, Yaya ya saya da kuɗin gyaɗarsa. Sarkin tasha ya ba shi gurbi a gefen tasha, bisa sharaɗin cewa ɗaki nasa ne, ƙasa ta tasha ce, kuma ba mai shiga ko fita da shi sai da izini. A nan yake gyaran keke, a nan yake ƙailula.

A gaban ɗakin akwai ƙarfe mai kusurwa uku, wanda ake ɗaura wa mota ta ja. Yaya ya ga wurin ya dace da dashe, don awaki ba za su kai baki ba idan an jera ƙaya a kan ƙarfen. Sai ya dasa darbejiya a tsakiya. Mu duka muka yaba dabarar.

Sai shekarun fari suka zo. Rumbunmu ya ƙare tun kafin shuka, ga baki goma sha uku a gida. Yaya ya yanke shawarar sayar da ɗakin mu sayi hatsi. Wani Alhaji daga Shanono ya taya, aka sallama, ya zo da tarakta zai ja kayansa. A ranar muka lura darbejiyar ta yi kauri har ta cika ƙarfen, ta rungume shi. In an yanke ƙarfe ba abin ja, sai dai a sare bishiya.

Sarkin tasha ya ce, "Sale, ɗaki naka ne. Wannan kuwa ta kama ƙasa, tamu ce. Fasinja na shan inuwa."

Alhaji ya ce, "To ni ɗaki na saya ko gandun daji?"

Yaya ya dafa bishiyar ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Alhaji, yi haƙuri. Ni na ɗaure shi da hannuna, shekara shida ina ba igiyar ruwa."

Ni ban yi dariya ba. Ina tunanin abin da za mu gaya wa mahaifiyarmu Inna, wadda ta riga ta wanke tukunya.

Wani hanin ga Allah baiwa ne. Bayan kwana biyu Malam Idi mai awo, wanda ya kalli abin daga rumfarsa, ya nemi hayar ɗakin. A irin wannan shekara, ɗaki mai ƙofar ƙarfe da ba ya jawuwa shi ne burin mai hatsi. Sarkin tasha ya amince. Yaya ya ce ba ya son kuɗi, a ba shi gero duk ranar kasuwa. Ba ya isar mu ƙoshi, amma da babu gara ba daɗi. Hatsi ya yi ta tashi, waɗanda suka sayar da kadara suka ga kuɗinsu ya narke kafin kaka, mu kuwa kunu bai yanke mana ba.

Yanzu an gine tashar da shagunan bulo, kowane da takardarsa da hatimi. Da Yaya zai leƙo, na san zai zagaya ya tambaya ina mutum zai zauna in ba sayayya ya zo ba.

Bai bar mana fili ko gida a birni ba. Amma cikin mu goma sha ukun nan babu wanda yunwa ta ɗauka, babu wanda aka tura cin rani don a rage baki. Ranar sunan jikarsa ta fari na dube mu a zaure, cike har waje, ana ta miƙa tuwo. Allah Ya jiƙan Yaya Sale, Ya ciyar da shi kamar yadda ya ciyar da mu.