Neman Hatimin Garin da Ruwa Ya Ci

Litinin, Yelwa

Ina sallame Asuba na tura kwalekwale, takardun ƙanena Hamisu naɗe cikin leda a ƙirjina. Wata jami'a a Turai ce ke shirin ɗaukar nauyinsa ya yi digiri na biyu kan yadda gwamnatoci ke tafiyar da ayyukan raya ƙasa. Ran Juma'a za a rufe karɓa a Kaduna. Shi ya tafi Sakkwato karɓo sakamakonsa, ni na ɗauki neman shaidar asali. Laifina ne lokaci ya ƙure. Ta hannuna wasiƙar jami'ar ta zo, na danne ta kwana goma sha tara, don ni aka cire daga aji huɗu aka miƙa wa filafilin tuƙa kwalekwale, shi aka bari a makaranta. Hassada ce, ba ta da wani suna.

Ƙarfe takwas na isa. Wani akawu ya tambayi inda aka haifi Hamisu, na faɗi sunan tungarmu.

"Ina take?"

"Ƙarƙashin ruwa, ranka ya daɗe, tun da anka tare kogi."

"To tafi Wara, can anka zuba ku."

Zuba! Sai ka ce shara.

Talata, Wara

Akori-kura ta tashi ƙarfe shida. Shinge uku, kowanne sai direba ya sauka ya "gaisa". Sha ɗaya muka iso, ban samu ganin akawun Wara ba sai bayan Azahar.

"Tun da anka ba mu jiha an sake iyaka. Wanga gari ba shi cikin littafinmu."

"To mu 'yan ina ne?"

"Tambayi kifi."

Na fito ban san inda zan kwana ba. Wata mai ƙyafe kifi, Inna Kulu, ta ba ni tuwon shinkafa da makwanci a zaure. Ita ta ce tsohon dagacinmu, Baba Ɗanladi, yana raye a wajen Shanga.

Laraba, Shanga

Mota biyu, sannan jirgin inji na awa guda. Na tarar da shi yana ɗinkin taru. Ya ji sunan mahaifinmu da abin da ya kawo ni, ya shiga ɗaki ya fito da hatimin garin cikin gwangwanin madara. Tawadar ta bushe, sai da muka ɗiga mata ruwa.

"In Hamisu ya kai can," ya ce yana danna hatimin a takardar, "shi tambayo mani malamansa: wa ka tada gari bai rubuta inda ya aje mutane ba?"

Alhamis, gida

Akawun Yelwa ya ga hatimi ya sa hannu, ko kai bai ɗaga ba. La'asar na iso gida. Na miƙa wa Hamisu takardu, na faɗi yadda na danne wasiƙar a gaban Innarmu. Ya karɓa ya saka su a jaka. Inna ta ce mini, "Da asuba kai za ka ɗauki jakarsa har tasha."

Na gode wa Allah, na gode wa Inna Kulu da Baba Ɗanladi. Akawun nan biyu na bar su da Allah. Ni ma da Shi aka bar ni.