Laka da Taɓarya a Tafkin Waca

Mun tashi daga Damagaram ana sallame asuba, ni da ƙanwata mai karatun tsirrai a jami'a. Laka za ta ɗebo a tafkin Waca, wai! Ta ce ƙurar da furanni da ciyayin ruwa ke zubarwa ba ta ruɓewa a gindin tafki, ko ta shekara dubbai. Matsalarmu ɗaya ce: damina ta kawo kai. In ruwa ya cika tafkin kafin ta ɗiba, karatunta na bana ya wargaje.

Motar Waca cike take maƙil, akuya na tauna mini gefen riga, direba kuma ya ƙara kuɗi wai esansi, wato fetur, ya hau. A tasha muka sha fura mai kauri, muka hau kabu-kabu, yashi na ta wulli da mu har ƙauyen da tafkin yake.

Tafkin ya bushe ya tsattsage. Ƙanwata na fito da bututun ƙarfenta, sai ga dattijon da ke kula da tafkin, hankalinsa a tashe.

"'Yata, tsaya! Tun kakanni ƙarfe ba ya taɓa gindin tafkin nan. Ko fartanya ba ta shiga."

Raina ya ɓaci, ga hadari ya haɗo daga gabas. Na buɗe baki zan yi gardama, ta taka mini ƙafa. Ta durƙusa ta ce, "Baba, roba fa? Itace fa?" Ya ce waɗannan ba a hana su ba.

Ai kuwa sai muka aro tiyon roba, wani bututu mai kauri, wurin wani mai lambu. Matan gari suka fito da taɓarensu, aka kafa tiyon a gindin tafkin, aka ɗora katako a bakinsa, suka shiga dukansa bi da bi kamar masu sussuka, har da guɗa. Ni ma na karɓa, bugu kaɗan numfashina ya ɗauke. Wata tsohuwa ta ce, "Alhaji, ba mu kayanmu, kai dai tuwon ka iya." Da muka zaro shi, abin da ke cikinsa sama yashi ne, ƙasa kuwa baƙar laka mai sanyi. Yayyafi ya fara muna ɗaure bakinsa.

Bayan mun dawo gida ta kira ni labo, ɗakin bincikensu na jami'a, ta ce in leƙa madubin ƙara girma. Wasu 'yan ƙwayoyi na gani a cikin lakar kamar riɗi. Ta ce na ciyayin bakin kogi ne da itatuwan kurmi, irin waɗanda yanzu sai can kudu. Na sake leƙawa.

Abin da na koyo shi ne, wannan fako da muke cewa haka aka halicce shi, dā inuwa ce da ruwa. Da na bi zuciyata na yi wa tsoho tsawa, da har yau ba mu sani ba.